Ina neman farin fentin da zai dace da na bangon falona

Assalamu alaikum. Masu sana'ar fenti da duk wanda ya san harkar, don Allah ku taimaka min.

Shekara 3 da suka wuce na yi wa falona farin fenti mai ɗan ratsin ruwan madara. A daminar bana danshi ya ɓata bango ɗaya, na sa aka kankare aka gyara. Sai dai samfurin da na yi amfani da shi na zaga kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano ban samu ba, bokitin kuma an daɗe da zubar da shi, babu lambar kalar a hannuna.

Na sayi galan mai lita 4 na wani kamfani, shi ma sunansa fari. Da ya bushe sai ya fito da shuɗi-shuɗi, tsohon kuma ya koma kamar rawaya a gefensa. Da rana da sauƙi, amma ana kunna ƙwan lantarki bambancin yake fitowa ƙarara, kuma abin yana damuna, don nan nake sauke baƙi.

Mai fentina ya ce akwai lambobin kala na Jamus da ake kira RAL, irin su 9010 da 9016 na fararen kaloli, waɗanda ba na kamfani ɗaya ba ne. Idan na ɓamɓaro ɓawon tsohon fentin na kai wa masu haɗa kala da na'ura, za su iya fitar min da daidai shi? Ko bambancin sheƙi ne ke ruɗin ido, tunda tsohon ba ya ƙyalli? Kuɗin sake fentin falon gaba ɗaya ba ni da su yanzu. Na gode.