Wifi ba ya kaiwa sashen iyali: wace na'ura zan saya da jaka ashirin?

Mai tambaya, unguwar Yalwa, Garwa

Assalamu alaikum. Ina da modem na 4G mai ɗaukar sim, na ajiye shi a falona da ke kusa da zaure, kuma a nan komai yana tafiya daidai. Damuwata ita ce sashen iyali, wanda yake can ƙuryar gida, kimanin mita 25 daga falon, da katangar bulo biyu da ƙofar ƙarfe a tsakani. Duk sa'ad da uwargida za ta yi kiran bidiyo da ƙanwarta da ke Yawunde, sai ta ɗauko kujerar tsuguno ta zauna gindin darbejiyar tsakar gida, domin nan ne iyakar inda wifi yake kaiwa. Wani mai shago a babbar kasuwa ya nuna mini wata 'yar na'ura da ake cusawa a soket, ya ce tana ƙara ƙarfin sigina, amma na fi so in ji ta bakin masana kafin in biya. Abin da na ware bai wuce jaka ashirin na sefa ba.

Mai gyaran waya, Domayo, Marwa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka fitar da ko dala, ka tabbatar da inda cutar take, domin sigina biyu ne a gidanka: wanda modem yake karɓa daga turken kamfanin waya, da wanda yake rarrabawa a cikin gida. Ka tsaya kusa da modem ɗin ka gwada saurin intanet da safe, ka sake gwadawa bayan isha'i lokacin da jama'a suka yi wa rezo, wato layin kamfanin waya, yawa. Idan na Huawei ne, yawanci shafin saitinsa yana buɗewa a 192.168.8.1, kuma wasu suna nuna wani ma'aunin ƙarfin siginar da ke zuwa daga turke mai suna RSRP: kusa da -80 yana da kyau, amma idan ya gangara zuwa -110, matsalar daga waje take, kuma eriyar da za a ɗaura a saman kwano ce maganinta.

Na'urar da aka nuna maka ba ta ƙirƙirar ƙarfi, abin da ta ji ne kawai take maimaitawa. Kuskuren da nake gani kullum shi ne a kai ta ɗakin da wifi ya riga ya mutu a jona, alhali tsakiyar hanya ya kamata ta zauna, inda siginar take da sauran rai. Mai arhar cikinsu kuma da rediyo ɗaya take saurare take magana, saboda haka saurin yana raguwa da kusan rabi. Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi: ka ɗaga modem ɗin daga bayan talabijin, ka ɗora shi sama kusa da tagar da ke kallon tsakar gida.

Malamar sakandare, Ngaundare

Yaya, ni na riga na sayi irin wannan na'urar, yanzu haka tana cikin durowa. Fitilarta tana kore, waya tana nuna sanduna cike, amma bidiyo sai juyawa yake yi. Abin da ya raba ni da wannan wahala shi ne waya, wato kebul na intanet da ake kira Cat5e ko Cat6, da ƙaramar rauta, wato na'ura ta biyu mai rarraba wifi. Ana jona kebul a ramin da ke bayan modem, a ja shi har sashen iyali, a cusa ɗaya bakin a rautar, a saita ta a matsayin mai rarraba wifi kawai. Irin wannan kebul yana kai mita 100 ba tare da saurin ya ragu ba, don haka mita 25 ɗinka ba komai ba ne, kuma katanga ba ta da ta cewa a kansa.

Ba ka bukatar rauta mai eriya shida. Ƙananan TP-Link irin su TL-WR840N suna da wannan saitin, kuma a kan zangon rediyo na 2.4 GHz suke aiki, wanda ya fi 5 GHz iya ratsa bango, ko da yake bai kai shi sauri ba. A shafin saitin wifi, ka sa modem a tasha ta 1, rautar kuma a ta 6 ko ta 11, domin waɗannan ukun ne ba sa hawa kan juna. Wajen sayen kebul ka nemi na jan ƙarfe zalla. Akwai na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, ya fi arha amma yana saurin karyewa, kuma idan aka kankare bakinsa da wuƙa za ka ga fari a ciki. Ka zura shi cikin bututun roba ka bi da shi ta jikin katanga ko ƙarƙashin ƙasa. Kada ka rataya shi a sarari daga kwano zuwa kwano, domin rana tana cinye fatarsa, kuma tsawar damina tana iya bi ta cikinsa ta ƙone na'urorin biyu.

Ɗan kasuwa, Kusiri

Malama ta faɗi gaskiya, sai dai ban yarda a yi watsi da 'yar na'urar soket gaba ɗaya ba. Gidan haya nake zaune, mai gida ba zai bar ni in huda bango ba, kuma tsakanina da modem bango ɗaya ne, don haka ta wadatar da ni. Gidan Alhaji nasa ne, shi kam kebul ya fi masa.

Abin da nake so in ƙara shi ne wuta da zafi. Yawancin modem da wasu rautoci da bolt 12 suke aiki, wasu ƙananan kuma da 9, don haka ka duba rubutun da ke jikin cajar kafin ka sayi ƙaramin batirin ajiya da ke riƙe su idan an ɗauke wuta. A Maris da Afrilu kuma, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, kada ka maƙala na'ura daf da kwano, domin idan ta ɗauki zafi sai ta riƙa katsewa, kai kuwa ka ɗora wa rezo laifi. Idan aka yi maka tallar na'urorin da ke kai intanet ta wayar lantarkin gida, ka sani ba sa aiki sosai idan sassan biyu ba mitar wuta ɗaya suke sha ba.

Mai tambaya

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na gwada kamar yadda mai gyara ya ce: kusa da modem bidiyo bai tsaya ba ko bayan isha'i, kuma da na ɗora shi kan taga wifi ya kai har bakin madafa, amma bai shiga ɗakunan ba. Na auna hanyar da kebul zai bi ta jikin katanga da igiya, ta kama mita 38. Malama, a shago zan sa a matse masa kawunan, ko sai an gama zura shi cikin bututun tukuna?