Sabuwar waya na zafi, allonta na danna kansa: in mayar ko in ƙara haƙuri?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan da sayen sabuwar Android, batir 5000mAh, RAM 6GB. Allon tar yake, amma bayanta na ɗaukar zafi kusa da kyamara, caji ba ya kai ni magariba, in kuma na jona ta a caja sai allon ya dinga danne-danne shi kaɗai kamar aljani ke taɓawa. Me kuke gani?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Zafi da shan caji a kwanakin farko kada su ɗaga maka hankali. Wayar na sauko da hotuna da saƙonninka, tana sabunta manhajoji, duk a ɓoye. Gefen kyamarar nan kuwa, a yawancin wayoyi nan ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin wayar (processor) take, ba batir ba. Ka bar ta a kan Wi-Fi ta gama aikinta, sannan ka yi hukunci bayan mako guda. Kafin nan ka shiga saitin batir ka ga wace manhaja ce a sama. In saurin sabunta hoton allon na kan 120Hz, mayar da shi 60Hz na kwana biyu ka ga bambanci. Ka lura da sabis ma: inda yake sanda ɗaya, waya na ƙara ƙarfi wajen neman eriya, batir ya tafi ko ba ka taɓa ta ba.

Amsa ta biyu: Malam, danne-dannen nan shi ne abin dubawa, kuma caja nake zargi. Allon waya ba matsi yake ji ba, ɗan canjin lantarkin da yatsa ke kawowa yake karantawa. Caja marar inganci tana shigo da wuta mai hayaniya, sai allon ya ɗauka yatsa ne. Cire cajar. In ya daina nan take, canza kan cajar, sannan igiyar, sannan soket, ɗaya bayan ɗaya don ka gane mai laifin. In bai daina ba, ɓare gilashin kariya ka goge allon da busasshen ƙyalle. Gumi ko iskar da ta maƙale ƙarƙashin gilashi na jawo haka.

Gwajin da ya fi tabbas: a sashen bayanin waya ka danna "Build number" sau 7, ka shiga "Developer options" ka kunna "Pointer location", wanda ke zana layi a allon duk inda yatsa ya bi. Ja yatsa a hankali daga sama zuwa ƙasa, layi-layi, har bakin gefe. In layin na yankewa a wuri ɗaya kullum, ko ɗigo na fitowa inda ba ka taɓa ba alhali babu caja babu gilashi, to allon ne da kansa. Wannan sabunta manhaja ba ya gyara shi. Ɗauki bidiyonsa da wata wayar, ka haɗa da kwali da rasit, ka mayar kafin wa'adin canji ya wuce.

Amsa ta uku: Ƙari kaɗan: kada ka buga gem tana caji, musamman cikin kauri-kaurin kes ɗin roba. Zafi biyu ne ke haɗuwa, wayar ta rage gudunta da kanta, ka ɗauka nauyi gare ta. In da zaɓin tsayar da caji a 80%, kunna shi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na cire cajar, ya daina. Da ma ta tsohuwar wayata ce, wannan ba ta zo da kan caja a kwali ba.

Amsa ta biyu: To nemi caja mai USB-C PD (tsarin caji mai sauri) wadda wat ɗinta ya kai abin da aka rubuta wa wayar. Amma duk da haka ka yi gwajin layin yau.