Neman kalma: da wane suna za mu kira injin "inline six"?

Mai fassara:
Assalamu alaikum malamai. Ina fassara wani shirin rediyo da za mu naɗa ranar Juma'a da safe, kan yadda masu tseren tsofaffin motoci a Amurka ke haɗa injin da zai jure wahala ba tare da ya cinye musu dukiya ba. Kalmar da ta tsaya mini ita ce "inline six", wato injin da silindarsa shida suke layi ɗaya. Ba ta tsallakuwa, domin da irin wannan inji ne motar Hudson Hornet ta yi zarra a gasar tseren motoci ta NASCAR, direba Tim Flock ya zama zakara da ita a 1952, Herb Thomas a 1953, alhali wasu abokan karawarsu silinda takwas gare su.

Tsohon bakanike:
Wa alaikumus salam Hajiya. Mu a gareji "fulogi shida" muke cewa, kuma ko yaron da ya zo koyon aiki jiya ya san abin da ake nufi.

Injiniya:
Baba, a yi mini afuwa, wannan ba za ta fitar da ita ba. Injin V6 ma fulogi shida gare shi, sai dai silindarsa sun rabu gida biyu, uku nan uku can. Ita kuwa babbar motar nan Mercedes 911 da muka taso muna gani da lodi, injinta shida ne a layi ɗaya, amma na gas ne, wato dizal, ba shi da fulogin tartsatsi ko guda. Jeruwar ce abin lura, domin ita ke sa fistin na ɗaya da na shida su hau su sauka tare, haka na biyu da na biyar, da na uku da na huɗu, har girgizar ta kashe juna. Ina ba da shawarar "inji mai silinda shida a jere".

Malamin Hausa:
Silinda, fistin, fulogi! Har yaushe za mu riƙa ara alhali rumbunmu cike yake? Duk wanda ya ga ana daka ya ga aikin inji: silinda turmi ce, fistin kuma taɓarya. Na daɗe ina kira da a ce "inji mai turmi shida, sahu guda".

Tsohon bakanike:
Allah gafarta Malam, in Hajiya ta furta "turmi shida" a rediyo, matan gida za su zaci lissafin atamfar lefe ake yi.

Malamin Hausa:
Ka yi dariyarka, Alhaji, amma da "jirgi" na ruwa ne kawai, yau ga shi yana tashi sama, ba wanda ya ruɗe. Raina namu ne ya sa kalma ba ta yi mana kwarjini sai ta fito daga bakin Bature.

Injiniya:
Malam, kishin nan abin yabawa ne, sai dai taɓarya fita take yi daga turmi kafin ta koma, fistin kuwa ba ya barin silinda, ringi ya toshe ko'ina don kada iska ta zurare. Kuma masu sauraron da za su fi kasa kunne makanikai ne. Idan shirin ya zo inda ake bayanin abin da ya sa ake son injin Ford 300, mai lita 4.9, wanda aka yi ta ƙerawa daga 1965 zuwa 1996 har ya yi araha a wurin 'yan gwangwan, da yadda karanshaf ɗinsa, wato sandar da fistin ke juya ta, ke zaune a kan mital bakwai masu riƙe ta, da yadda kafireto ɗaya ke ƙwarar silindar gaba da ta baya wajen rabon mai har ake ƙara na biyu, da kalmomin gareji za a gane shi.

Mai fassara:
To, me kuka gani game da "miƙaƙƙen shida"? Ta fi gajarta, ga shi kalmar za ta maimaitu sosai.

Injiniya:
Hajiya, akwai tarko a nan. Kamfanin Chrysler ya taɓa ƙera wani da aka kwantar da shi gefe da digiri 30 don ya shiga ƙarƙashin bonet, shi ma shida ne a layi ɗaya. Idan kin kira shi miƙaƙƙe, kin yi wa mai sauraro ƙarya, amma "a jere" ta ɗauke su duka.

Malamin Hausa:
"A jere" dai tamu ce, ban ƙi ta ba. Silinda kuwa na bar muku ita don Juma'a ta matso, ba don kun kayar da ni ba, kuma a aji turmi zan ci gaba da koyarwa.

Mai fassara:
Na gode ƙwarai. Zan fara da "inji mai silinda shida a jere", daga nan in riƙa cewa "shida-a-jere". Saura "stock car", irin motar da ake tsere da ita a NASCAR, wadda na rubuta "motar kasuwa" amma raina bai kwanta ba, tunda a wajenmu motar kasuwa ita ce ta haya.