Wayar filatinum ta narke mini tun kafin digiri 900, me ya jawo?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum. Ina aikin digiri na biyu kan yadda silikon ke isar da zafi idan ya sha wuta. Na kafa sandar silikon cikin tanderu, hita a kai ɗaya, na ɗora wayoyin ma'aunin zafi na filatinum a jikinta. Tun daga digiri 600 lissafina ya fara zarce na littafi. Da muka doshi 900 sai lambobin allo suka shiga tsalle. Washegari na buɗe, na tarar bakin wayar ya dunƙule kamar ɗigon dalma, ya manne da sandar. To filatinum fa sai 1768 yake narkewa, silikon kuwa 1414. Wace wuta ce ta ci shi? Wayar ta sashe ce, kuma mai kula da ɗakin gwaji bai sani ba tukuna.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tanderun ba shi da laifi, haɗa su da ka yi ne. Dubi sodar masu gyaran rediyo: kuza na narkewa a 232, dalma a 327, amma haɗinsu a 183 ya zama ruwa. Haka filatinum da silikon suke, in sun taɓa juna da zafi sai su gauraya, gaurayen kuma yana narkewa tun wajen 830. Saka wayar cikin bututun alumina, wani irin tangaran mai jure wuta, ka cika tanderun da iskar agon don kada sandar ta yi ɓawo.

Maman Ilham:
Malam ya gama batun waya. Ni abin da ya fi damuna shi ne lissafin da ya zarce tun 600. Ƙanena, ka ɗauka duk wutar da hita ta ci ta bi ta cikin sandar ne, alhali da yawa ta tsere ta gefe a matsayin haske. Wannan asarar ba ta wasa: daga kelbin 300 zuwa 1200 (kelbin ma'aunin zafi ne na masu kimiyya) zafi ya ninka sau 4, ita kuwa sau 256. Ga shi silikon kansa yana yin sanyin jiki wajen isar da zafi in ya sha wuta, daga wajen wat 150 a kowace mita da kelbin a zafin ɗaki, ya sauko wajen 30 a kelbin 1000.

Shi ya sa aka fi amfani da hanyar walƙiya da Parker da abokansa suka fito da ita a 1961. A haska fuskar ɗan faifan silikon da leza sau ɗaya, a auna lokacin da bayansa ya kai rabin ɗumin da zai kai. Kauri sau kauri, sau 0.1388, a raba da lokacin. Sai a ninka da nauyin kowace mita kubik ta silikon da ƙarfinsa na riƙe zafi, a samu yadda yake isar da zafi. Kada dai ka kai wa masu gwajin faifai siriri na rabin milimita, a zafin ɗaki ko milisakan ɗaya ba ya kaiwa zafi ya ratsa shi. Nemi mai milimita 2, a fesa masa garafayit, wato baƙin da ke cikin fensir.

Ɗan Gwammaja:
Allah ya saka da alheri, Malam da Yaya. Ba mu da lezar, sai dai in aika samfurin wani wuri. Yanzu ya zan yi da mai kula da ɗakin gwajin?

Tsohon Malami:
Je ka same shi da safe kafin ya gano da kansa. Baki kawai ya lalace. A yanke 'yan santimita, a sake walda, a gwada ta da wata mai kyau. Guntun kuma kada ka yar, filatinum ne, zai tambaye ka.