Neman kalma: tsarin da ake yi kafin a kunna kyamara

Malama Mai Koyarwa: Salamu alaikum. Ranar Litinin zan fara koya wa matasa shirya bidiyo da Hausa, kuma kalmomi biyu sun tsaya mini. Ta farko sitoribod, wato a zana kowane hoto cikin ɗan akwati, a ga inda ɗan wasa zai tsaya da inda kyamara za ta fuskanta. Ta biyu shotlis, takardar da ake rubuta lambar fitowa, girman hoto (na nesa, na rabin jiki, ko na fuska), kusurwa da motsin kyamara. Wasu ɗaliban da manhajar ƙirƙirar bidiyo za su yi aiki, ita kuwa 'yan daƙiƙoƙi take fitarwa a lokaci guda, dole a tsara kowane guntu tukuna. A taimaka.

Tafinta: Wa alaikumus salam. Allon labari mana. A kamfanin Disney na Amurka abin ya kankama, farkon shekarun 1930, suna kafa zanukan a jikin allo bi da bi. Sunan daga nan ya samo asali.

Mai Kyamara: Yaya, yau wa yake kafa allo? A takarda ko a waya ake zanawa. Kuma ba labarin ake zanawa ba, abin da idon kyamara zai gani ne. Ni dai zanen ɗauka, ɗayar kuma jadawalin ɗauka.

Dattijo: Jadawali Larabci ne. Na daɗe ina cewa a kira shi mahanga, tunda da shi darakta ke hango fim kafin a yi shi. Harshenmu bai talauce ba da za mu yi ta aro.

Tafinta: Allah ya gafarta Malam, allo ma daga Larabci ya zo, darakta da fim da kuka rubuta kuma daga Turanci. Mahanga ta riga ta zama ta ra'ayi, ɗalibi zai rikice.

Dattijo: To a ce mahangin ɗauka. Abin da ke ci mini rai shi ne yaranmu sun fi jin kansu ƙwararru in sun faɗa da Turanci.

Mai Kyamara: Baba, ba girman kai ba ne. A wurin aiki rana na faɗuwa, haske na canzawa, kalmar da mai fitila da mai sauti za su gane nan take ita ake so.

Mai Tace Hoto: Akwai sauran rina a kaba. In ɗauka ita ce shot, wato guntun da kyamara ke ɗauka ba tare da tsayawa ba, me za a kira maimaicin da ake yi idan ɗan wasa ya yi kuskure? Mu a wurin tacewa lamba daban muke ba su.

Malama Mai Koyarwa: Na gode ƙwarai. Zan shiga aji da zanen ɗauka da jadawalin ɗauka. Maimaicin zan ce karo na ɗaya, karo na biyu, in ga ko zai zauna a bakinsu.

Dattijo: Ban gamsu ba, amma ki je da su. Ki dai ambata musu mahangi ko sau ɗaya ne.