Ina zan samu masu garka na ainihi a kasuwar Yamai?

Maman_Bobiel:
Salamu alaikum ƴan uwa, ina kwananku. Don Allah wanda ya san harkar kayan garka a nan Yamai ya taimaka min. Ni dai kullum cefane na a Wadata nake yi ko Katako, salati da shu da karoti da tumati, amma har yau ban san wa ke noma abin da nake ba yarana ba. Duk wadda na tambaya sai ta ce min ai daga Saga ne, ko daga Haro Banda, shi ke nan magana ta ƙare. Abin da ke damuna shi ne ana ta cewa wasu garake da ruwan Gunti Yena ake ban ruwa, kuma kowa ya san dattin gari da ke gangarawa cikin wannan ƙoramar, ga kuma maganar maganin feshi. Ina so in samu mai garka ɗaya ko biyu in zama kiliyarsu, in san wurinsu in riƙa saye hannu da hannu. Ta ina ake farawa?

Ɗan Gamkalle:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na farko dai ki sani yawancin waɗanda kike gani zaune gaban tebur ƙarfe goma na safe ba su ne masu noman ba, masu sari ne. Mai garka ba ya da lokacin zaman kasuwa, in ya zauna wa zai yi mishi ban ruwa? Salati kuwa yini ɗaya ka ƙyale shi cikin zafin Afrilu ya kwanta. Galibi ma matan nan su ke zuwa har garka da yamma, su sayi fangali guda ko biyu tun yana ƙasa, su tumɓuke su wanke, da asuba su shigo da shi gari. In kina son ganin masu kawo kaya da kansu ki sammako bayan sallar asuba lokacin da ake sauke kaya, za ki gane su, ƙafa duk laka, ba su iya dogon ciniki ba, so suke su sayar gaba ɗaya su koma kafin rana ta ɗaga. Amma a lokacin ba za su saurare ki ba tunda tumatin dala arba'in kike nema su kuma kwando suke sayarwa.

Abin da ya fi, ki tafi garkar kanta. Bakin kogi ta wajen Gamkalle da Saga, ko Korniche ta Yantala, ko ki ƙetare gadar Kennedy ki bi ta Kirkisoy, duk garake ne jere. Ki je wajen ƙarfe biyar na yamma, ki yi sallama ki ce sannu da aiki, kar ki fara da tambayar da wane ruwa kuke ban ruwa kamar wata ma'aikaciyar gwamnati, rufe miki baki za su yi. Ki sayi ɗan abu tukuna. Idonki ne zai ba ki amsa, ki duba tiyon injin ina ya nufa, kogi ne ko rijiya ko kwata. In kina jin Zabarmanci kaɗan ma ya fi, da yawansu Zabarmawa ne, akwai Gurmawa, akwai namu Hausawa.

Maman_Bobiel:
Na gode Malam, Allah ya saka. To maganin feshin fa? Shi ai ba a ganinshi da ido.

Ɗan Gamkalle:
Shi sai kun saba. Tambaya ɗaya ce: yaushe aka yi feshin ƙarshe. Kowane maganin kirki an rubuta a jikin kwalbarshi kwana nawa za a jira kafin a ɗebi kaya, matsalar ita ce wasu ba sa karatu, wasu kuma a leda ko ƴar kwalbar da ba ta da ko takarda suke sayenshi a kasuwa. Shu da tumati su suka fi shan feshi saboda tsutsa. Wanda ya san ki zai ce miki Hajiya bar wannan, shekaranjiya na fesa, ɗebi na can. Baƙuwa ba zai gaya mata haka ba. Kuma ko daga ina salati ya fito ki jiƙa shi cikin ruwa da ɗan digon jabel sannan ki ɗauraye sosai, wannan don ƙwayoyin cuta ne, ba ya cire maganin feshi.

Ba'adare_227:
Ni daga Tawa nike, bari in sa baki kan albasa don nan ne ƴan Yamai kuke ruɗewa. Kowa ya ce maka albasar Galmi ce, alhali Galmi gari guda ne bisa babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa, iri ne ya ɗauki sunan garin. Ana noma shi Tamaske, Keita, Tabalak, Madawa, duk fadamun Maggiya da Tarka. Kuma manomin albasa Hajiya ba za ki gan shi Katako ba har abada, tsakaninki da shi akwai dillali da mai buhu da mai mota da wani dillalin kuma. Lokacin da anka haƙe albasa wajen Maris da Afrilu kasuwa ta kan faɗi warwas, manomi ga bashin iri ga na esansi ga na taki, dole ya saida da arha. Mai ƙarfi shi ka zuba tashi cikin rudu ya jira, rudu ɗakin kara ne da ake ɗagawa bisa itace don iska ya ratsa, ko da yake wata na ruɓewa ciki, abin da ya rage in ya kai bayan damina sai ya ninka kuɗi. Manyan motoci kuma na kwasa zuwa Gana da Kodebuwa. In kina son ki taimaki manomi ki samu ƴan uwa ku haɗa kuɗi ku sayi buhu lokacin haƙa, wani na gida ya sa muku a mota, ku baza ta inuwa kar ku bar ta cikin buhu. Ki ce a haɗo miki da gabu, miyar kuka da gabu ai ba a magana.

Inna Mai Tumati:
To ni mai sari ce, kuma naji ana ta maganarmu kamar mu ne ɓarayin. Tun ƙaramar kasuwa ba ta ƙone ba a 2012 nake wannan sana'a. Ƙarfe huɗu na dare nake tashi, ni ke biyan taksi, ni ke biyan kuɗin wuri, abin da ya kwana ya lalace asarata ce ba ta mai garka ba. Shekarar 2020 da ruwa ya cinye garake ta Saga da Lamorde, mu muka ba wasu bashin kuɗin iri suka sake tashi, kiliya nawa ta je ta dube su? Ƴata ki je garka ba laifi, amma ki sani in kin ƙulla da mutum to kin ƙulla, lokacin sanyi da tumati ya yi yawa har ana zubarwa zai sa ran ganinki, ba sai lokacin azumi ko damina da kaya suka yi wuya ba ki zo kina ai ni kiliyarka ce. Kuma mai garka abu uku ko huɗu gare shi, pompiter na Bonkuku da na Agadas da tattasai duk wurinmu za ki dawo.

Malam_Agro:
Inna ta faɗi gaskiya. Ƙari kaɗan, da yawan masu garka suna cikin ƙungiyoyi, akwai tarayyarsu FCMN Niya, kuma a baje kolin noma da kiwo na Sahel da RECA, haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, ke shiryawa nan Yamai manoman jihohi da kansu ke tsayawa kan kayansu, wuri ne mai kyau na karɓar nimero. Ki tambayi mai sarinki ma, in kun saba ita za ta gaya miki garkar da take ɗauka.

Maman_Bobiel:
Inna ki yi haƙuri wallahi ba da ku nake ba. Asabar in sha Allahu zan gwada ta Gamkalle da yamma. Ba'adare buhun albasar in an sa a mota daga Madawa a wace tasha ake karɓa?