Ya zan tsara aikin gurup ga ɗaliban akanta ba tare da mutum ɗaya ya ɗauke komai ba?

MalaminAkanta:
Assalamu alaikum jama'a. Ina koyarwa a wata poli, 'yan ND 2, kuma wannan simesta dole in saka aikin gurup cikin makin CA, wato makin ayyukan da ake tarawa kafin jarabawa. Bara na gwada, na raba su goma goma na ce kowane gurup ya kawo min lissafin ƙarshen shekara na wani kamfani, wallahi abin da ya dawo min kwafi ne daga intanet, har kuskuren rubutu iri ɗaya na gani a gurup uku. Da na tsayar da wani yaro na ce ya min bayanin tirayal balans ɗin da sunansa ke kai, wato jadawalin da ake gwada ko lissafin littattafai ya daidaita, sai ya tsaya yana kallona kawai. Sun haura 120 a ajin. Dan Allah masu gogewa ku ba ni shawara.

YarZazzau:
Wa alaikumussalam Malam. Ni dai da nake makaranta ni ce wadda ake bar wa aikin, sauran su kawo kuɗin firintin a saka sunansu, ƙarshe mu ci maki ɗaya, har yau abin na min ciwo. Goma sun yi yawa gaskiya, huɗu ko biyar ya isa. Kuma kar ka bari su zaɓi junansu, abokai za su haɗu su rufa wa juna asiri, ka bi lambar adimishan kawai.

TsohonOdita:
Malam ai matsalar daga aikin take, duk abin da ake samu a intanet to za a kwafo shi. Ka tura su wajen ƙaramin ɗan kasuwa na gaske, mai shagon firobishan ko mai POS ko mai sayar da hatsi irin na Dawanau, su roƙi rubutunsa na wata ɗaya, wato littafin ciniki da littafin bashi da rasit in akwai. Yawancinsu shiga da fitar kuɗi kawai suke rubutawa, wani ma a bayan kwali, to aikin yaran shi ne su mayar da wannan hargitsin zuwa debit da kiredit, wato ɓangarori biyu da ake rubuta kowace hada-hada a lissafin akanta, har su fitar da riba ko asara. Nan ne za su gane cewa kuɗin cefanen da maigida ya zara daga aljihun tebur ba kashe kuɗin shago ba ne.

Sannan ka raba musu aiki yadda ake yi a ofis, ɗaya ya riƙe littafin kuɗi, ɗaya masu bin bashi da waɗanda ake bi, ɗaya ƙirgen kaya, ɗaya ya haɗa komai a Excel ya lissafa harajin VAT kashi 7.5 inda ya shafa, kowa ya sa hannu a nasa. In sun gama ka musanya fayil ɗin, gurup na ɗaya ya yi odit, wato ya binciki lissafin na biyu, duk kuskuren da suka kamo maki ne a gare su. Za ka sha mamakin yadda za su tone juna. Ko a jarabawar ICAN da ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Najeriya, wannan tunanin ake so, kar mai riƙe kuɗi ya zama shi ne mai rubutawa. Ranar difens kuma, wato ranar da za su kare aikinsu a gabanka, kai za ka nuna wanda zai yi magana, ka tambaye shi ɓangaren da ba nasa ba.

DanKwari:
Yallaɓai Odita ka yi gaskiya amma fa da sauƙin faɗa. Mu 'yan kasuwa in yaro ya zo da biro da fayil yana tambayar ciniki, abin da zai fara zo mana rai shi ne 'yan haraji ne suka turo shi. Sai dai su je wajen ɗan uwa ko maƙwabci da takarda daga makaranta, kuma a yi alƙawarin ba za a rubuta sunan shago ba, balle sunayen mutanen da ake bi bashi, wannan sirri ne babba.

MalaminAkanta:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan yi biyar biyar, gurup 24 ke nan ko sama da haka, difens ɗin ne zai ci min kwana biyu amma ba komai. Rabin makin na gurup, rabi na kowa da abin da ya amsa da bakinsa. Alhaji DanKwari, in an goge sunaye an sa lamba a madadinsu kana ganin mutanenku za su yarda a ɗauki hoton shafin da waya, ko sai dai yaran su zauna a shagon su kwafa da hannu?